Yadda ake zuwa fatsar giwan ruwa a Tafkin Nasser, cikin hamadar Masar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin Argungu ya san giwan ruwa, ya kuma san yadda jama'a ke ihu idan aka ɗago ta. To wannan kifin dai shi ne yake sa baƙi daga ƙasashe masu nisa su tafi kudancin Masar, inda babu ciyawa babu gona, sai rairayi da baƙaƙen duwatsu, sai kuma wani makeken ruwa kwance a tsakaninsu. Shi ne Tafkin Nasser. An same shi ne bayan gina babbar madatsar Aswan a kan Kogin Nilu, wadda aka fara a 1960 aka kammala a 1970. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 500, kuma ɓangarensa na kudu ya shiga Sudan, inda ake kiransa Tafkin Nubiya. A nan ne aka kama giwan ruwa mai kilo 104 da sandar fatsa a shekarar 2000. Ɗalibanmu da ke Azhar da 'yan kasuwa da masu zuwa neman magani suna yin wata da watanni a Alƙahira ba su san da wannan wuri ba, abin yana ba ni takaici.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne mutum ke gyara tafiyarsa ko ya ɓata ta. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Aswan yana haura maki 40 kusan kullum, dutse kansa ba ya taɓuwa da tafin hannu. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana da daɗi, amma a Disamba da Janairu dare akwai sanyi mai ratsa ƙashi, irin na tsakiyar hunturu a Agadas, kuma kifin yana sauka ƙasa sosai. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ya fara ɗumi, giwan ruwa tana matsowa bakin duwatsu, mai tsaye a gaɓa ma yana iya samunta. Sai dai a tsakanin waɗannan watanni hukuma takan rufe kamun kifi na wasu makonni domin ya hayayyafa, saboda haka ka tambayi ranakun wannan shekarar kafin ka sayi tikiti.

Na biyu, ka nemi mai jirgin ruwa tun kana gida. Wannan tafki ba irin Tiga ko Kainji ba ne da za ka sauka daga mota ka ɗauki kwalekwale ka shiga. Yanki ne na kan iyaka, jami'an tsaro suna sa ido, kuma sai da takardar izini. Kamfanonin da ke kai masu fatsa daga Aswan su ne ke nema maka ita, za su buƙaci hoton fasfonka makonni kafin zuwanka. Ka yi musu tambayoyi ba kunya: kwana nawa za a yi a ruwa, mutum nawa a jirgi ɗaya, wa zai kawo sanduna, akwai rigar hana nutsewa, akwai wayar da ke kama sabis a can ciki? Tafiyar yini ɗaya ana yi, amma gaskiya ba ta wuce leƙe. Kusa da madatsar an riga an yi wa kifin yawan kamu. Wanda yake son abin a yi da gaske ya ware kwana huɗu zuwa shida, ana kwana a jirgi ko a kan rairayin tsibiri.

Zuwa Aswan kuwa ba wuya. Ka samu bizarka, ka sauka Alƙahira, daga nan ko jirgin sama na kimanin awa ɗaya da rabi, ko jirgin ƙasa na dare mai wajen awa 13.

Na uku, ka fahimci inda kifin yake, domin tafkin yana da faɗin da zai ruɗe ka. Kafin ruwa ya cika, wurin tsaunuka ne da busassun kwaruruka. Da ruwan ya hau sai kowane kwari ya zama dogon lungu mai shiga cikin hamada, Misirawa suna ce masa khor, kawunan tsaunuka kuma suka zama tsibirai. Khor Kalabsha da Garf Husein suna ɓangaren arewa, Wadi Allaƙi babban lungu ne a gabas, sannan akwai yankin Toshka da Abu Simbel can kudu. Tsakiyar tafkin, inda ruwa ya fi zurfi, kusan ba ya da amfani ga mai fatsa. Giwan ruwa maharbiya ce mai kwanton ɓauna. Tana laɓewa a gindin dutsen da ya gangara tsaye cikin ruwa, ko a hancin tsibiri, ko kan tudun da ya nutse bai fito fili ba, tana jiran karfasa ta gifta. Idan ka ga gefen da iska ke kaɗo igiyar ruwa tana dukan dutse, nan za ka jefa, domin nan ƙananan kifi ke taruwa.

A wannan gaɓar ce za ka gane darajar mai jirginka. Yawancinsu Nubiyawa ne, kuma ƙauyukan kakanninsu suna ƙarƙashin wannan ruwan da kake yawo a kai. Dubban mutane aka tasa lokacin gina madatsar, na Masar aka kai su wajen Kom Ombo, na Wadi Halfa aka kai su gabashin Sudan. Idan dattijo ya nuna maka wuri ya ce nan akwai dutse a ƙasa, ka yarda. Ka gaishe shi da girmamawa, ka ce masa ya rayyis kamar yadda suke kiran shugaban jirgi, ka sha shayinsa, kada ka riƙa yi masa gardama da abin da ka gani a YouTube.

Na huɗu, kayan aiki. Sandar da kake kama tarwaɗa da ita a fadama ba za ta yi ba. Kana buƙatar sanda mai ƙarfi, da abin naɗe zare mai ɗaukar aƙalla mita 200, da zaren da zai jure nauyin kilo 20 ko fiye. A ƙarshen zaren a ɗaura wani guntun zare mai kauri kamar tsawon gaba guda, saboda kaifin dutse da kaifin marfin kunnen kifin, wanda ke yanka kamar aska. Ba a cika amfani da tana ba. Abin da ake sa wa shi ne kifin roba ko na katako mai ƙugiyoyi, irin su Rapala, mai faɗin leɓe da ke sa shi nutsewa idan ana ja. Ka riƙe da yawa, duwatsu za su cinye maka wasu.

Ka kuma riƙe siririyar wayar ƙarfe saboda tsage, wani kifi mai kaifin haƙora. Ranar farko da na jefa a wani lungu da hantsi, na ji an fizge sandar sau ɗaya, wani abu mai walƙiya kamar azurfa ya yi tsalle sama da ruwa ya girgiza kai, sai zaren ya dawo mini fayau babu komai a bakinsa. Mai jirgin bai ce uffan ba, ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara, ya ciro waya ya ɗaura mini da kansa. Haƙoran tsage a waje suke ko bakinta a rufe, zare ba ya yi mata komai.

Na biyar, yadda ake kamun. Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce a saki kifin robar a bayan jirgi, mita 30 zuwa 50, jirgin yana tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa yana bin gefen duwatsu. Ɗayar hanyar, wadda ni na fi so, ita ce a sauke ka kan dutse ka riƙa jifa kana jawowa. Bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, su ne lokutan cin kifi. Tsakar rana ta inuwa ce da salla da barci. Idan giwan ruwa ta kama, ji za ka yi kamar ƙugiyar ta maƙale a dutse, sai kuma dutsen ya fara tafiya. Kada ka danne zaren. Ka bar ta ta ja, ka ɗaga sandar sama, idan ta tsaya ka naɗe. Dabararta biyu ce: ko ta nufi ƙasa ta shige ramin dutse ta goge zaren, ko ta taso sama ta buɗe bakin nan nata kamar bokiti ta girgiza ta tofar da ƙugiya. Idan ka ga za ta taso, ka sunkuyar da kan sandar ƙasa, zaren ya zauna a miƙe. Babba takan ɗauki minti 20 ko fiye kafin ta gaji, hannunka zai yi rawa.

Na shida, tsaron kai, kuma wannan ba wasa ba ne. Akwai kadoji a tafkin, manya. Kada ka shiga wanka, kada ka tsuguna alwala a bakin ruwa da magariba, ka ɗebo a buta ka ja baya. Wurin da ruwa ya kwanta kusa da gaɓa yana iya ɗauke da tsargiya, wanda shi ma dalili ne na barin iyo. A tudu kuma akwai kunama da maciji a ƙarƙashin duwatsu, don haka ka kakkaɓe takalminka kowace safiya kafin ka zura ƙafa. Ka sa takalmi mai kama dutse, silifas zai kayar da kai. Rawani ko malafa, riga mai dogon hannu, tabarau, da ruwan sha aƙalla lita huɗu a yini. Iskar hamada tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai dai ka ji kanka ya fara sarawa. Kifi biyu kuma ka kula da su: minjirya, wadda za ta ba ka shokin idan ka kama ta da hannu, da talibambam mai kumbura ciki, wanda ke da guba, ba a cinsa.

Na ƙarshe, abin da za ka yi da wadda ka kama. Masu jiragen da suka daɗe a tafkin suna kukan cewa manyan sun ragu saboda yawan raga, kuma kusan duk giwan ruwan da ta girma sosai mace ce mai ɗauke da ƙwai. Na san zuciyar Bahaushe ba ta son a ce an kama kifin kilo 40 an mayar ruwa, ni ma sai da na yi ta maza. Amma a tsakiyar hamada ba ka da inda za ka kai ta, kuma naman babbar bai kai na ƙaramar daɗi ba. Ka jiƙa hannunka, ka cire ƙugiya da filaya, ka tallabe ta ta ciki, kada ka rataye ta da baki. A ɗauki hoto da sauri, sannan ka riƙe ta cikin ruwa daga gefen jirgi kanta yana fuskantar gaba har ka ji ta kaɗa wutsiya da ƙarfi, sai ka saki. Ta kilo uku ko huɗu ita za ka miƙa wa mai dafa abinci. Zai soya ta da tafarnuwa da lemun tsami, a ci da shinkafa da gurasa a kan tabarma, bayan an ja jirgi an ɗaure shi a gefen da iska ba ta bugowa.