Yadda ake gwada siffar sararin samaniya da tsohon hasken CMB

To ai ba wanda zai fita wajen sararin samaniya ya leƙo siffarsa, shi ya sa ake bi ta alwatika. In ka haɗa kusurwoyinta suka ba ka digiri 180, sararin a shimfiɗe yake. In sun haura ya lanƙwashe kamar bayan ƙwallo, in sun gaza kuma ya buɗe ne.

Gindin alwatikar yana cikin CMB, wato hasken da ya kuɓuto wajen shekara 380,000 bayan fashewar farko, yanzu ya huce har ya koma digiri 2.7 a ma'aunin Kelvin. Akwai tabo-tabo a jikinsa na ɗumi da sanyi, bambancin bai wuce ɗaya cikin 100,000 ba, kuma an san ainihin faɗin manyan tabon saboda iyakar nisan da sauti ya iya yi kenan kafin hasken ya fito.

Fara da sauke taswirar CMB ta kumbon Planck na ESA, hukumar binciken sararin samaniya ta Turai, kyauta ce a intanet. Kada ka yi gaggawar awo fa, sai ka cire bambancin da gudun rana da mu ke jawowa, wajen kilomita 370 a daƙiƙa, sannan ka rufe inda ƙurar gungun taurarinmu ta ɓata hoton, nan ne aikin yake cin rai gaskiya. Bayan nan ka sa healpy, manhajar nazarin taswirar sama, ta fitar maka da giraf na girman tabo. Tudun farko ake nema, yana faɗowa kusa da lamba 220 a ma'aunin girman tabo na giraf ɗin, ma'ana tabon ya kai kusan digiri 1, ninki biyu na faɗin cikakken wata, girman da ya dace da shimfiɗaɗɗen sarari kenan. Da sararin a lanƙwashe yake da tabon sun fi haka girma, a buɗaɗɗe kuma su ƙanƙance. Gwada da lissafin CAMB, manhajar da ke hasashen irin wannan giraf, ka gani. Haka BOOMERanG, na'urar hangen nesa da aka ɗaga da balan-balan, ta nuna a 2000, cewa sararin a shimfiɗe yake.

Amma CMB shi kaɗai yana iya ruɗa ka, don lanƙwasa da saurin faɗaɗar sararin suna ɓoye wa juna. Sakamakon Planck na 2018 ma ya ɗan karkata ga lanƙwasa, sai da aka haɗa da awon rarrabuwar gungun taurari lanƙwasar ta dawo dab da sifili.

Kuma shimfiɗaɗɗe ba ya nufin marar iyaka, mutane na yawan haɗa su. Don gano ko sararin yana zagayowa ya haɗe da kansa sai ka nemi da'irori biyu masu tabo iri ɗaya a ɓangarori daban na taswirar, an bincika a bayanan kumbunan WMAP da Planck ba a samu ba.