Yadda Ake Shiga Ghana Daga Najeriya Ba Tare Da Biza Ba

Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza don ya je Ghana ziyara. Wannan ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Sai dai mutanenmu da yawa sun ɗauka "ba biza" na nufin "ba takarda", kuma daga nan matsala take farawa.

Abu na farko shi ne takardar tafiya. Ko dai fasfo, ko kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice take bayarwa, wadda ta fi fasfo araha amma ba ta aiki sai a cikin yankin. Idan jirgi za ka hau, fasfo ya fi kwanciyar hankali. Ka duba ranar ƙarewarsa tun kana gida. In abin da ya rage bai kai wata shida ba, gara ka sabunta. Katin zaɓe ko takardar NIN ba sa maye gurbin waɗannan.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, wanda matafiya ke kira yalo kad. Allura ɗaya ce, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai jajibirin tafiya. Ka je ofishin lafiya na Port Health a yi maka ta gaske. Katin bogi da ake sayarwa a tasha ba ya hana sauro cizo.

Sai hanya. Mai bin mota daga Legas zai ratsa ƙasa biyu kafin ya isa: ya fita ta Seme ya shiga Benin, ya wuce Kwatano zuwa Hillacondji, ya shiga Togo, sannan daga Lome ya tsallaka Aflao, wadda ita ce bakin Ghana. Kowace boda akwai tambarin fita da na shiga, wato tambari shida ke nan kafin ka kama hanyar Accra. A nan ne ya kamata ka buɗe ido sosai. Za ka ga masu babur da 'yan kamasho suna cewa ka zo su bi da kai ta ɓarauniyar hanya, babu layi babu tambaya. Kada ka yarda. Tambarin shiga shi ne shaidar ranar da kwanakinka suka fara, kuma wanda ba shi da shi, a idon doka satar shiga ya yi, ko da fasfonsa na cikin aljihu. Ranar komawa gida jami'i zai nemi tambarin ya rasa, daga nan kuma sai ka shiga matsala. Idan direba ne ya karɓi fasfunan fasinjoji ya kai a buga, da ya dawo da naka buɗe ka duba da idonka kafin mota ta tashi.

Jami'i zai iya tambayarka inda za ka sauka da abin da ya kawo ka. Ka riƙe adireshi da lambar wayar mai masaukinka, ko a Nima yake, ko Sabon Zango, ko Zangon Kumasi. Amsa gajera ta gaskiya ta wadatar. Bayan an buga, karanta adadin kwanakin da aka rubuta maka, domin abin da ke jikin fasfon shi ake bi. Mai tafiya da motar kansa kuma yana bukatar inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, tare da cikakkun takardun mota.

Kwana 90 ɗin na ziyara ne: biki, ta'aziyya, sada zumunci, sarin kaya. Ba lasisin buɗe shago ba ne. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan kasuwancin cikin kasuwa, kuma a kanta ne aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020. Wanda ya ga zamansa zai wuce wa'adi ya je ofishin shige da fice na Ghana ya nemi ƙarin kwanaki ko izinin zama tun kafin lokacin ya cika, domin wanda ya zarce tara yake biya.

'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su shiga ba biza har sai an fitar da sabon tsari. Tunda umarnin na wucin gadi ne, ɗan Maraɗi ko Damagaram ya tuntuɓi ofishin jakadancin Ghana da ke Yamai kafin ya yanki tikiti.