Mai ƙaurace wa nama, ga abin saye a manyan kantunan Gombe

Jama'a, in dai wake da gyaɗa da daddawa ne, kada ku ɓata kuɗinku a kanti, na Babbar Kasuwa sun fi araha. Abin da ya cancanci shiga kanti shi ne busasshen naman waken suya, wato gutsattsarin waken suya da aka sarrafa su yi kama da nama, wanda ake ƙullawa a leda. Kusan rabin nauyinsa furotin ne. A jiƙa kofi 1 a ruwan zafi kofi 3 da ɗan gishiri na minti 15, a matse sosai, a ɗauraye, a sake matsewa. Wannan matsar ce sirrin: in aka tsallake ta, ƙarnin wake zai fito a miya, kuma ba zai sha kayan ƙamshi ba. Sai a soya da albasa da citta kafin a zuba a miyar taushe.

Jan adas, wani ɗan ƙaramin nau'in wake, shi ma ku ɗauka, ba ya buƙatar jiƙo, minti 20 ya nuna. Kada a sa masa kanwa, zai dagargaje.

Ku karanta bayan kwali, don wasu dunƙulen ɗanɗano na da kitsen kaza, wasu alewar kuma na da jelatin na ƙashin dabba.