Yadda za ka sa sensar tankin ƙazanta ta motar tafi-da-gidanka ta daina yi maka ƙarya

Duk wanda ya taɓa zama a irin motocin nan na tafi-da-gidanka da ake kira RV, masu gado da kicin da banɗaki duk a ciki, ya san wannan abin haushin. Ka je ka juye tankin masai tas, ka dawo ka danna maɓallin allon da ke nuna yawan ruwa, sai fitila ta ce maka wai tankin yana kashi biyu cikin uku. Toh daga ina ruwan ya fito? Babu wani ruwa, sensa ce, wato na'urar da ke auna yawan ruwan tankin, take ƙarya, kuma galibi ba lalacewa ta yi ba, datti ne ya maƙale mata. Wasu sai su ruga su sayo sabuwa su ɗaura, bayan wata biyu abu ya koma gidan jiya tunda ba a taɓa asalin ciwon ba.

Kafin ka taɓa komai gara ka san yadda abin yake aiki don daga nan ne duk gyaran yake fitowa. Motar tana da tankin ruwan datti iri biyu, akwai wanda ake ce wa baƙin tanki, shi ne na masai, bahaya da fitsari da tishu duk can suke sauka, sai kuma wanda ake ce wa mai ruwan toka, na ruwan wanka da wanke-wanke. A jikin kowane tanki an huda an soka wasu ƴan ƙarafa kamar kan ƙusa, su ne sensar, yawanci guda 4, ɗaya a can ƙasa, ɗaya a kashi ɗaya cikin uku, ɗaya a kashi biyu cikin uku, na ƙarshe kusa da cika. Wutar batirin motar mai bolt 12 ce take bi ta cikinsu, idan ruwa ya taso ya taɓa na ƙasan da wani na samansa a lokaci guda sai ruwan ya zama kamar waya ya haɗa su, fitila ta kama a allo. Shi ke nan fa, babu wata kwamfuta mai wayo a ciki. To ka ga ita wuta ba ruwanta da wane ne ya haɗa, ko ruwa ne, ko jiƙaƙƙen tishu da ya rataye a kan ƙarfen, ko kuwa caɓin ƙazanta ne ya shafe bangon tankin daga ƙasa har sama, in dai da damshi za ta bi ta kunna maka fitila.

Mataki na farko, tabbatar da inda matsalar take. Ka faka motar a wuri mai daidai don in ta karkace ruwan zai kwanta gefe guda ya ba ka lissafin banza, sannan ka duba batir yana da caji. Ka juye tankin, ka kashe famfon ruwa, ka taka fedar masai ka haska tocila ta ramin. A motoci da yawa masai yana kan tankin ne kai tsaye, za ka ga gindinsa da idonka. In ka ga wayam amma allo yana cewa da saura, sai ka sa safar hannu ka leƙa ƙarƙashin mota inda wayoyin sensar suke, ka ɗauki hotonsu da wayarka tukuna don kar ka manta wace ke ina, ka kwance su daga jikin ƙarafan ka raba su kar su taɓa juna, ka je ka danna allo. In ya nuna babu komai, allo da wayoyi lafiyarsu ƙalau, datti ne a cikin tanki. In kuma ya ci gaba da nuna ruwa alhali ba a haɗe yake da komai ba, to ka bar maganar wanke tanki, waya ce ta goge tana taɓa wata, ko allon ne da kansa. A wasu motocin an rufe cikin motar ta ƙasa da faranti na roba, sai ka kwance shi kafin ka kai ga wayoyin, aiki ne mai cin rai, in haka taka take ka fara da wankin kawai tunda shi ne ya fi yawan zama maganin.

Na biyu shi ne juye tanki yadda ya kamata, kuma nan ne mutane suka fi kwafsawa. Kar ka juye baƙin tanki yana da ɗan ruwa kaɗan, bari ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku, in bai kai ba ka ƙara masa ruwa ta masai har ya kai, saboda nauyin ruwan ne yake ingiza ƙazantar ta fita da ƙarfi ta bututun nan mai faɗin inci 3. Ka sa gwiwar bututu irin mai garai-garai wadda ake ganin abin da ke wucewa, eh na san ba abin kallo ba ne amma ita ce kaɗai za ta gaya maka gaskiya. Baƙin tanki ake fara buɗewa, in ya gama ka rufe sannan ka buɗe mai ruwan toka, ruwan sabulun ya wanke maka tiyon.

Na uku, jiƙo. Wannan ne zuciyar aikin kuma haƙuri yake so. Ka rufe bawul, wato abin buɗewa da rufe bakin juye tankin, ka zuba ruwa mai ɗumi ta masai, ka haɗa da sabulun wanke-wanke na ruwa kamar kofi ɗaya, irin mai yanka maiƙo, ka cika tankin har ruwan ya wuce sensar sama. Ka lura, har ya wuce ta sama na ce, domin wasu sai su zuba rabi su ce sun jiƙa alhali ƙarfen da ke ƙaryar yana can sama a bushe. Akwai masu ƙara garin laushin ruwa irin Calgon don bangon tankin ya yi santsi datti ya kasa kamawa, ba laifi. Akwai kuma magungunan da aka yi musamman masu sinadarin enzayim da ƙwayoyin bakteriya masu cinye tishu da bahaya, waɗannan sun fi ƙarfi a kan tsohon datti amma suna son lokaci, ka karanta jikin robar ka bi abin da suka ce. Ka bar shi ya kwana, in dattin ya daɗe ka ba shi kwana 2 ko 3 ba a amfani da banɗakin. Ruwan ya zama mai ɗumi dai, ba tafasasshe ba, don akwai robobin da ke toshe yoyo a bakin masai da bawul, zafi mai yawa yana lalata su.

In za ka yi tafiya, ai ka samu injin wanki kyauta. Ka rage ruwan jiƙon zuwa kamar rabi ka kama hanya, duk birki da kwana da gargada ruwan yana dukan bango yana kankare shi, kana isa ka juye tun bai kwanta ba. Za ka ji masu cewa a zuba ƙanƙara buhu guda ta masai wai za ta goge bangon, ni dai ban yarda da wannan ba, ƙanƙara tana yawo ne a saman ruwa kuma kafin ka yi nisa ta narke, ruwan da ta zama shi ne ya yi ɗan aikin da ka gani.

Na huɗu, ɗauraya da ƙarfi. Motoci da yawa suna da wata kafa a waje da ake jona tiyo tana fesa ruwa cikin baƙin tanki. Ka jona, bawul a buɗe, ka bar shi yana fesawa har ruwan da ke wucewa ta gwiwar ya yi fari. Dan Allah in ka rufe bawul don ruwa ya taru kar ka matsa ko taku ɗaya, kar ka amsa waya, kar ka ce bari in ɗauko abu, domin in tankin ya cika ruwan ba shi da wajen zuwa sai ta masai zuwa cikin ɗakinka ko ta bututun iska zuwa saman rufin mota, wani lokacin ma tankin ne zai kumbura ya tsage. Matsalar wannan kafar ita ce wuri ɗaya take fesawa kullum, ba lallai ta sami sensar ba, shi ya sa na fi son sandar fesa ruwa da ake zurawa ta cikin masai. Ka riga ka ga gefen da wayoyin suke daga waje, to ka juya bakin sandar can ka yi ta dukan wajen sama da ƙasa na ƴan mintuna. Kuma tiyon wannan aikin daban, na ruwan sha daban, kar su taɓa haɗuwa ko a wajen ajiya, ka sa wa tiyon aikin ɗan bawul ɗin nan mai hana ruwa komawa baya.

Ka juye, ka jira bangon ya tsane kamar minti 15 sannan ka danna allo. In ya sauko daga biyu cikin uku zuwa ɗaya cikin uku kana kan hanya, sake jiƙo. Tankin da ya shekara ba a kula da shi ba zai iya cin zagaye uku.

In ka yi duk wannan abin ya ƙi, akwai yiwuwar ba tishu ba ne, wani dutse ne da ake kira siturubait. Yana fitowa ne idan maganiziyam da amoniya da fosfet da ke cikin fitsari da ruwa suka haɗu, sai ya daskare a bango ya yi tauri kamar siminti, kuma yana riƙe damshi ya haɗa ƙarafan. Sabulu ba ya yi masa komai. Abu mai tsami kamar binega yana ɗan cin mai laushinsa in an jiƙa ya daɗe, amma wanda ya yi kauri sai masu injin fesa ruwa mai matsanancin ƙarfi da suke zura tiyo ta bakin juyewa. Ko kusa kar ka ce bari in gama da shi da bilic, ruwan nan na faranta kaya. Bilic in ya haɗu da amoniyar fitsari ko da abu mai tsami yana tada iska mai guba, ga ɗakin mota ƙarami, sannan yana busar da robobin bawul kuma ya kashe bakteriyar da ka saya da kuɗinka. Haka magungunan wari masu sinadarin fomaldihaid, har jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da su don tankin irin waɗannan motoci tun daga farkon 2022, saboda suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a ramukan da ake juyewa.

Tankin ruwan toka kuwa nasa ciwon maiƙo ne da kumfar sabulu da guntun abinci da gashi. Jiƙonsa iri ɗaya ne, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ta sink har ya cika, ya kwana, a juye. Ka riƙa goge faranti da tukunya da takarda kafin ka wanke, ka sa rariya a bakin sink da wajen wanka, kar ka zuba mai a ciki ko cokali ɗaya.

Yanzu maganar hana abin dawowa, wadda ta fi wankin muhimmanci. Idan ka sauka a sansanin da ke da ramin juyewa a gefen motarka, kar ka bar bawul ɗin baƙin tanki a buɗe wai don ka huta, ruwan zai tsiyaye ya bar mai kaurin yana taruwa ƙarƙashin masai ya yi tsauni ya bushe, wannan kam ba sensa kaɗai zai kashe ba har masan zai toshe. Duk lokacin da ka juye ka mayar da ruwa galan 3 zuwa 5, wato kamar lita 11 zuwa 19, don kar gindin tankin ya zauna a bushe. Masu shiga banɗaki su daina rowar ruwa, a riƙe feda a ƙirga zuwa goma. Tishu kuma ka gwada shi, ka yagi falle biyu ka sa a kwalba da ruwa ka girgiza sau biyu uku, in ya dagargaje ya yi, in ya tsaya yadda yake to shi ne zai rataye a sensarka. Jiƙaƙƙen tishun goge yara ko da an rubuta ana iya kora shi a masai, kwandon shara ne wajensa.

In ka gaji da wannan kokawar akwai canji iri biyu. Akwai ƙarafan Horst Miracle Probes da ake sawa a madadin na asali, an yi musu ƴar rumfa da tishu ba ya iya kwanciya a kai, kuma wayoyinka na da za ka mayar. Sai kuma SeeLevel na kamfanin Garnet da ke Kanada, shi ba ya shiga cikin tankin ma, wani falle ne ake mannawa a bango ta waje yana jin tsayin ruwan ta cikin robar, ya ba ka lissafi kashi kaza cikin ɗari maimakon fitilu huɗu. Ya fi na asali nesa ba kusa ba, amma shi ma in caɓi ya yi kauri a bangon ciki yana iya ruɗewa, don haka ka wanke tankin tas kafin ka manna, ka goge wajen da za ka manna ya bushe, ka fara riƙe shi da tef ka gwada da ruwa ka ga lissafin ya yi daidai kafin ka ɓare gam ɗin, domin in ya kama ya kama.

Kafin ka kai ga canjin, masan da kansa yana ba da labari. Idan ka taka feda ka ji ya yi wata irin gyatsa, kumfar iska ta taso sama, ruwan ya kai bakin bututun iska ke nan, ka je ka juye a ranar ko allo yana cewa saura rabi.