Haɗin gambiza a kundin ɗalibi: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fannonin ilimi

Duk shekara idan lokacin kare kundin kammala karatu ya gabato, ɗalibai kan kawo mini rubutunsu a nan Marwa, arewacin Kamaru, in duba musu kafin su miƙa. A 'yan shekarun nan kusan kowa yana son ya taɓa fanni fiye da ɗaya. Mai karatun labarin ƙasa ya leƙa tattalin arziki, mai ilimin zamantakewa ya ɗebo lissafin ruwan sama. Ina murna da haka, domin matsalolin yankinmu ba su san an raba jami'a sashe-sashe ba. Abin da ke damuna shi ne kundin da kowane babinsa yana da kyau shi kaɗai, amma idan ka jera su sai ka ga haɗin gambiza. Malami ya ɗauki jan biro ya rubuta a gefen takarda cewa babu "koherans", ɗalibi kuma ya tafi gida bai san abin da zai gyara ba.

Ita kanta kalmar ba ma'ana ɗaya take da ita ba. Wajen masu kimiyyar haske, tana nufin igiyoyin haske suna tafiya da taku ɗaya, kamar hasken leza. Wajen masu nazarin harshe, tana nufin zance ya riƙe junansa tun daga farko har ƙarshe. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan, suna kiransa munasaba, wato dalilin da ya sa aya ta biyo bayan aya, har Al-Biƙa'i ya yi tafsiri sukutum a kai mai suna Nazmud Durar. Abin da malamin jan biro yake nema ya fi kusa da wannan: me ya haɗa babi na biyu da na uku?

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne kalma ɗaya ta shiga kundi da ma'ana uku, marubucin bai lura ba. Wata ɗaliba ta kawo mini aikinta kan fari a yankin kogin Logon. Na karanta, na ninke shafuka uku, na ce mata, "'Yata, wane farin kike nufi?" Ta ce, "Malam, ai fari ɗaya ne." Sai muka buɗe shafukan tare. A na farko fari yana nufin ruwan saman shekara bai kai yadda aka saba ba, ma'anar masu hasashen yanayi ke nan. A na biyu manoma ne ke magana, su kuma farinsu shi ne ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fid da kai, ko da jimillar ruwan shekarar ta cika. A na uku makiyaya da masunta ne, waɗanda farinsu shi ne kogi bai cika ya malale fadama ba. Ruwan Logon kuwa daga kudu mai nisa yake tasowa, daga tsaunukan Adamawa da abin da ke maƙwabtaka da su, don haka ana iya samun damina mai albarka a Yagwa, garin da ke bakin Logon, kogin kuma ya ƙi cika. Shekarar da shafin farko ya kira ta fari, shafi na uku bai san da ita ba. Maganin bai da wuya. Kafin ka fara rubutu, ware manyan kalmominka, huɗu ko biyar, ka rubuta abin da kowane fanni yake nufi da su, sannan ka raɗa wa kowace ma'ana sunanta: ƙarancin ruwan sama, ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina, rashin ambaliyar kogi.

Sai kuma ɗauko adadi daga wani fanni ba tare da tambayar yadda aka auna shi ba. Da wuya in buɗe kundi kan Tafkin Chadi ban ga an ce ya ragu da kashi 90 cikin ɗari ba. Adadin yana da asali. A farkon shekarun 1960 tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da na 1980 ya shanye mafi yawansa. Amma wannan kwatanci ne tsakanin lokacin cika da lokacin tsananin janyewa. Tafkin ba shi da zurfi, faɗinsa yana sauyawa daga wata zuwa wata, kuma lissafi yana bambanta idan an haɗa da ruwan da ciyayi suka rufe ko an tsaya ga wanda ake gani a fili. Ɗalibi sai ya ɗauki adadin shekarun 1980 ya bayyana hirar da ya yi da masunta bara a ƙauye guda. Lokaci bai zo ɗaya ba, faɗin wurin ma bai zo ɗaya ba. Duk adadin da ka aro, rubuta shekararsa da iyakar wurin da ya shafa a kusa da shi. Idan bai dace da lokacin bincikenka ba, bar shi a babin shimfiɗa, kada ka kafa hujja da shi.

Akwai wanda ya fi waɗannan ciwo a wurina, shi ne ɓoye saɓani. Ɗalibai da yawa sun ɗauka haɗuwar magana tana nufin dole duk fannoni su yi baki ɗaya, don haka duk abin da ya saɓa sai su share shi. Dubi madatsar ruwa ta Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafar SEMRY, kamfanin gwamnati mai kula da noman shinkafa a yankin. Masanin noma zai nuna maka shinkafar da aka samu, kuma gaskiya ya faɗa. Masanin ruwa zai nuna maka yadda madatsar da shingen bakin Logon suka rage ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza, ciyawar rani ta ragu, kifi ya ragu, shi ma gaskiya ya faɗa. Masanin yanayi zai tunatar da ku duka cewa ginin ya zo daidai da shekarun fari, saboda haka ba duk asarar za a ɗora wa madatsar ba. A 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya zuwa wani sashe na fadamar domin a ga abin da zai dawo. Kundin da ya ajiye maganganun nan a fili, ya nuna wa ya samu, wa ya rasa, kuma a wace shekara, shi ne wanda ya haɗu. Wanda ya yabi madatsar a babi na biyu ya tsine mata a na huɗu ba tare da ya haɗa su fuska da fuska ba, tufka da warwara ya yi, kuma ranar kare kundi a nan masu tambaya za su tsaya.

Tara sunayen ra'ayoyin masana a gabatarwa kuwa, guda shida ko bakwai daga fannoni daban-daban, ba na ɓata lokaci a kansa. Duk wanda ba ka sake waiwayarsa a cikin aikin ba, cire shi.

Mu a nan muna da wata matsala ta daban, ta harshe. Ana yin hira da Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Hausa, a rubuta kundi da Faransanci. Manomi ya ce "gonata", ɗalibi ya fassara da kalmar mallaka ta masu shari'a. Alhali gonar tana iya zama ta gado, ko aro, ko haya, ko jingina, ko wadda lawan ya ba shi ya noma. A dokar filaye ta Kamaru ta 1974, mallaka tana tabbata ne da takardar fili ta hukuma, wadda yawancin manoman karkara ba su da ita. Sai babin shari'a ya ce mutanen ba su mallaki komai ba, babin hira ya ce kowa da gonarsa. Idan kana hira ka ji "gonata", kada ka wuce. Tambayi yadda ta zo hannunsa, wa zai iya karɓe ta, ko yana da ikon sayarwa, ko zai iya dasa mangwaro a cikinta. Rubuta kalmar da ya faɗa da harshensa a littafinka, fassarar ta biyo baya.