Yadda zaka haɗa ma'aikatan da yaro zai iya cewa oga "tsaya"

In kana shugabantar mutane a aikin da kuskure ɗaya zai iya cin rai, gidan gas ne ko wajen gini ko ɗakin tiyata, to abun farko da zaka gyara shine bakin yaranka ya buɗe a gabanka. Mu an tarbiyyantar damu yaro baya gyarawa babba magana, a gida wannan ladabi ne, amma a wajen aiki mai hatsari wallahi shirun nan yana kashe mutane.

Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo akan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan da ke cikin jirgin KLM ɗin da ya fara gudun tashi saida ya tambaya anya ɗaya jirgin ya bar titin kuwa, kyaftin ɗin kuma babban mai horas da matuƙa ne a kamfanin, yace ai ya bari, daga nan ba wanda ya sake cewa uffan, jirgi ya cigaba da gudu.

To kai ga yadda zaka yi. Kullum kafin a taɓa komai tara su ko minti biyar ne a tsaye, kowa yaji aikin yau da inda hatsarin yake, sannan ka faɗa da bakinka cewa duk wanda yaga abun da bai kwanta masa ba ya tsaida aiki, ko jiya aka ɗauke shi. Wahalar tana ranar da wani yaro zai tsaida aikin a duba aga ba komai, anyi asarar awa guda ranka ya ɓaci. Dan Allah ranar ka danne zuciyarka kace masa madalla a gaban kowa, domin in ka daka masa tsawa sau ɗaya sauran sun ɗauki darasi, gobe ko warin gas suka ji zasu jira wani ya fara magana.

In ka bada umarni kuma wanda ka baiwa ya maimaita maka kaji, "to oga" kawai bata isa ba.

Sai wajen miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare. A 1988 a dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa ta gefen Birtaniya, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya (abun da ke rage matsi in yayi yawa) na wani famfo don gyara, labari bai kai ga masu dare ba suka tada famfon, gas ya fita wuta ta kama, mutum 167 suka mutu. Kar ka yarda a miƙa aiki a guje ana sauri a tafi gida, a zauna ido da ido, a rubuta abun da aka kwance ba'a mayar ba mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu. Duk injin da ake gyarawa a kashe shi a sa masa kwaɗo da takarda mai sunan mai gyaran, makullin ya zauna a aljihunsa har sai ya gama.