Yadda ake kare garken tumaki daga kyarketai a tsaunukan Faransa

Bazara uku na yi ina kiwon tumaki a tsaunukan kudu maso gabashin Faransa. A ta farko, dare guda muka rasa tumaki goma sha ɗaya. Uku kawai kyarkeci ya kashe da bakinsa, sauran firgita suka yi suka rufta cikin kwazazzabo. Laifina ne, kuma zan faɗi inda na yi sake.

Tsohon da ya koya mini aikin ya girma babu kyarkeci ko ɗaya a ƙasar, don an ƙarar da su tun kafin a haife shi. A 1992 aka sake ganinsu a gandun Mercantour, sun ƙetaro daga Italiya. Yau an ƙiyasta sun kai kusan 1,000 a Faransa, a Tarayyar Turai kuwa sun haura 20,000. Da can sakin garke ake yi ya kwana inda dare ya riske shi. Wanda ya yi haka yanzu, mushe zai tsinta da safe.

Ka fara da wurin kwana. Kafin rana ta faɗi ka tattara garken cikin shingen lantarki, kusa da bukkarka yadda za ka ji motsinsu. Tsayin shingen kada ya gaza santimita 90, in ka samu mai 120 ya fi. Amma mutane sun cika damuwa da sama, alhali kyarkeci ya fi son ya kutsa ta ƙasa. Wayar ƙasa kada ta wuce santimita 20 daga turɓaya. Ka bi shingen da ƙafa, turke bayan turke, ka duba inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar kafa. A nan na yi sake. Wani ɗan lambatu ne, bai kai a ce komai ba, na gan shi na ce gobe zan toshe.

Ka riƙa gwada wutar kullum da yamma, ka tabbatar ta kai bolt 4,000 ko fiye. Ciyawa mai raɓa in ta taɓa waya sai ta tsotse wutar, don haka a yanke ta. Shingen da batirinsa ya mutu ya fi rashin shinge illa, domin shi ke koya wa kyarkeci cewa wayar ba ta cizo, kuma in ya koya ba ya mantawa.

Sai karnuka. Ba karen da ke kora maka tumaki nake nufi ba, shi aikinsa daban. Ina nufin manyan fararen nan da ake kira patu, ko kangal na Turkiyya. Tun yana ɗan kwikwiyo mai wata biyu ake sa shi cikin tumaki, ya ci a cikinsu ya kwana a cikinsu, har ya ɗauke su danginsa. Ka daure kada ka mai da shi abin wasa, ko da yake a gaskiya daurewar da wuya. Sai ya kusa shekara biyu za ka iya dogara da shi. Kare ɗaya ba ya isa: kyarketai kan zo a ƙungiya, ɗaya ya ja hankalinsa gefe, sauran su shiga ta baya. Matsalar karnukan ita ce masu yawon tsauni, musamman masu keke. Ka kafa allo a bakin hanya, kuma in ka hango su ka ce su sauka, su tsaya cik, kare ya sansana su ya tafi.

Tsummokaran ja da ake ratayawa a igiya da fitilu masu walƙiya suna tsorata kyarkeci na 'yan makonni, daga nan ya saba.

Ranar hazo ko ruwan sama kada ka yi nisa da garke ko da tsakar rana ce. Karnuka ba sa gani sosai, tumaki sun warwatse, kyarkeci kuwa irin ranar yake jira. Ka matse su wuri guda, ka guji bakin kurmi, ka ƙirga su da yamma.

In abin ya faru duk da haka, kada ka ja gawar. Ɗauki hoto, musamman wuya inda haƙora suka shiga, ka lulluɓe ta da leda ka danne da duwatsu saboda ungulu, sannan ka kai rahoto cikin awa 72 don jami'ai su zo su duba. In ungulu ta riga su, hujjar diyya ta tafi. Waɗanda suka ɓace ma ka rubuta lambobin kunnensu.

Bindiga kuwa, kada zafin rai ya kwashe ka. Gaskiya ne a Disamban 2024 an sassauta kariyar da Yarjejeniyar Bern, wato yarjejeniyar kare namun daji a Turai, ta ba kyarkeci, amma har yanzu dabba ce da doka ke karewa, kuma gwamnati ce ke ƙayyade adadin da za a harbe a shekara. A 2025 guda 192 ne. Ka tambayi hukumar yankinku abin da aka yarda maka kafin ka hau tsauni, ka kuma adana rasit na shinge da na abincin karnuka, don za a nemi shaidar cewa ka yi naka ƙoƙarin.